In Kunne Ya Ji, Inji Ya Tsira

Kwanakin baya na kai motata gareji domin a yi mata juye, sai na tarar da wani saurayi zaune a kan tsohuwar taya, ya rafka tagumi. An sauke injin motarsa, an baje kayan cikinsa a kan buhu. Bakaniken ya ɗauko fistin guda ya miƙo mini. Samansa ya yi rami-rami kamar icen da gara ta ci, gefensa ya ɓantare, ringin ya karye gida uku. Na tambayi yaron me ya faru, ya ce, “Wallahi Baba, haka kawai injin ya buga.” Bakaniken ko kai bai ɗaga ba ya ce, “Alhaji, tambaye shi wata nawa ya yi yana jin ƙara in ya taka totur.” Yaron ya yi shiru, can ya ce tun kafin azumi. Motar ta bashi ce, da ita yake haya, da ita yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa.

Tun ranar abin yake cina a rai. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna da ku, 'ya'yana da ƙannena, da masu riƙe da sitiyari da masu tara kuɗin motarsu ta farko, in gaya muku abin da na sani. Inji ba ya bugawa haka kawai. Yakan daɗe yana kuka kafin ya mutu, kuma wanda ya san muryar kukan shi ne yake tsira da dukiyarsa.

A bakinmu, in an ce inji ya buga ana nufin ƙarshen magana: metal ya cinye, karanshaf ya lalace, inji ya kame, sai dai a jawo mota da igiya. To amma kafin wannan babban bugu akwai wani ƙarami da ba a cika kula da shi ba. Wata 'yar ƙara ce siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Ba ka jin ta in mota tana tsaye tana aiki a hankali. Sai ka ɗauki kaya, ko ka kama hawa, ko ka danna totur za ka wuce babbar mota, sannan ta fito. Da ka sassauta ƙafa sai ta ɓace. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji, kuma a kanta nasihata take.

Kafin ku gane ciwon, sai kun san yadda lafiyar take. Injin fetur da muke hawa yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876, tsari mai taki huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na wurin da suka cika da farko. Fulogi ya ƙyasta, wuta ta kama, ƙarfinta ya tura fistin ƙasa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. In allurar inji tana kan 3,000, kowace silinda tana cin wuta sau 25 a sakan guda. Duk da wannan sauri, wutar ba fashewa take yi ba. Ci take yi bi da bi, kamar yadda manomi yake cinna wa sassabe wuta daga gefe ɗaya ta bi gona har ta kai ƙarshe. Daga bakin fulogi take tashi, ta bazu zuwa bangon silinda, ta tura fistin da lallami, irin turin da za ka yi wa yaro a kan lilo.

Matsala tana faruwa ne a can lungun da wutar ba ta kai ba tukuna. Ragowar iska da fetur ɗin da ke wurin suna shan matsi biyu, na fistin daga ƙasa da na wutar da ke tunkaro su. In zafi da matsi suka fi ƙarfinsu, sai su tashi da kansu gaba ɗaya, ba tare da sun jira zuwan wuta ba. Wannan fashewar tana aika girgiza tana kai-komo tsakanin bangon silinda wajen sau 6,000 a sakan, ƙarfen inji ya ɗauki amo, shi ne abin da kunnenka yake ji. Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya san daɗinsa yana ga jeruwar taɓare, wannan ta sauka waccan ta tashi. Ranar da wata ta saki tata ba a kan lokaci ba, sai ka ji ƙwas, taɓarya ta haɗu da taɓarya, ko ta daki leɓen turmi. Turmin da ake yi wa haka kullum ba ya daɗewa.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro game da ita. Zafin wutar cikin silinda ya haura digiri 2,000, alhali alminiyon da aka ƙera fistin da shi yana narkewa a digiri 660. Abin da yake kare shi, bayan ruwa da baƙin mai da suke janye zafi, shi ne wata 'yar siririyar iska mai ɗan sanyi da take kwance a fuskar ƙarfen kamar mayafi. Girgizar ƙwanƙwasa tana yaye wannan mayafin, wuta ta taɓa ƙarfe kai-tsaye. Daga nan saman fistin yake fara zaizayewa, mazaunin ringi ya tsage, gasket ya ƙone, bakin fulogi ya fashe. Kowane bugu kuma yana sauka ta konrod har kan metal. Kun ga ke nan ƙaramin bugu yana daga cikin hanyoyin da suke kai mutum ga babban.

Me ke kawo ta? Na farko shi ne mai. Ba duk fetur ne ɗaya ba wajen jure matsi, kuma ma'aunin juriyar shi ake kira okten. Wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, shi ya shimfiɗa ma'aunin a shekarun 1920. Ya ɗauki wani sinadari mai tsananin juriya ya ba shi lamba 100, ya ɗauki wani mai saurin tashi ya ba shi sifili, sai ake gwada kowane fetur da gaurayen su biyun. Yawancin motocin da ke titunanmu lamba 91 ta ishe su, wasu kuma, musamman manyan motocin Turai da masu tabo (turbo), 95 suke so. Duba cikin murfin tanki ko littafin motar, za ka ga an rubuta. In motarka 'yar Amurka ce kana iya ganin 87, to kada ka ruɗe, lissafinsu ne ya bambanta, 87 ɗinsu yana daidai da 91 zuwa 92 a lissafin da yawancin ƙasashen duniya ke bi. Kuma ku sani, yawan okten ba ya ƙara wa mota ƙarfi in ba ta buƙace shi ba. Haƙuri kawai yake ƙara wa man, ya jira fulogi.

Kalanzir da man gas ba su da wannan haƙurin ko kaɗan a injin fetur. Duk man da aka surka da su, oktensa ya faɗi. Ban ce duk ɗan bumburutu maha'inci ba ne, da yawansu neman halak suke yi, kuma sun sha fitar da matafiyi kunya a inda babu gidan mai. Amma man galan ya bi hannuwa da yawa, babu mai auna shi, ga rana tana dukansa. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, kowa yana neman inda zai rage ko naira hamsin ce a lita, kuma ban ga laifin mai nema ba. Sai dai ka yi lissafi da kyau: abin da za ka rage a shekara bai kai kuɗin sauke inji sau ɗaya ba. Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. In ka sha mai a baƙon wuri ka ji ƙarar ta fara, ka san inda ta fito. Tafi a hankali, kuma da ka samu mai kyau ka cika tanki ya surke shi.

Kada kuma ka bari a ruɗe ka da ƙulle-ƙullen zubawa a tanki, wannan ya ce kafur, wancan ya ce man birki. Duniya ta taɓa neman maganin ƙwanƙwasa a kwalba, ta sha wuya. A watan Disambar 1921, wani injiniyan kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa ɗan ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe ƙarar nan take. A 1923 aka fara sayar da shi. Inji ya yi shiru, amma salansa ta riƙa fesa guba a iska, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara tsawon shekaru. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina amfani da man mai dalma, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, a 2021. Kusan shekara ɗari aka yi ana biyan bashin gajeriyar hanya.

Na biyu shi ne zafi, kuma nan ne ƙasarmu take neman kulawa ta musamman. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, rana tana haura digiri 40. Iskar da inji yake zuƙa ta riga ta ɗauki zafi tun kafin a matse ta, saboda haka motar da ba ta ƙara da sanyin asuba tana iya yi da azahar. Inji yana son zama a wajajen digiri 90. Abin da yake riƙe shi a nan shi ne lagireto da fanka da famfon ruwa da tamostat. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan lagireto, ka sa a wanke shi kafin bazara ta shigo. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɓawon gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwan inji, irin wanda kake gani a gindin tsohuwar butar shayi, kuma wannan ɓawon yana hana zafi fita. Ka sayi ruwan lagireto na gaskiya, mai launin nan, ya fi maka sauƙi. Murfin lagireto ma ba murfi ne kawai ba, shi yake riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, in robarsa ta mutu ka canza shi. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa buɗe shi inji yana da zafi, tururinsa yana sale fuska.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, da mota ta shigo daga Kwatano sai a ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. In ya lalace a canza shi, amma kada a bar gurbinsa haka. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai fiye da kima, man da bai ƙone sarai ba kuma ya zama kabon.

Kabon shi ne na uku. Baƙin ɓawo ne da yake taruwa a saman fistin da cikin tofsilinda, daga gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, da mai marar kyau, da baƙin man da yake tsallake ringi yana ƙonewa. Yana cinye filin da wuta za ta ci, matsi ya ƙaru. Yana kuma riƙe zafi kamar toka a kan garwashi. Wani lokaci ma ɓawon yakan yi ja, ya cinna wa mai wuta tun fulogi bai ƙyasta ba, fistin yana kan hawa wuta tana danno shi ƙasa. Wannan ya fi ƙwanƙwasa muni, cikin ɗan lokaci yake huda fistin. In kana da tsohuwar mota mai kafireto ka kashe makulli ta ci gaba da karkarwa kafin ta mutu, to alama ce akwai abin da ya yi ja a ciki. Haka nan in mota ta taɓa yin zafi har aka kai tofsilinda aka aske fuskarsa, ka tambayi nawa aka ɗebe, domin kowace aska tana rage fili tana ƙara matsi.

Na huɗu yana hannun bakanike. Fulogi yana ƙyastawa ne ɗan kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin ƙarfin wuta ya same shi daidai lokacin da ya juyo. In aka gaggauta ƙyastawar fiye da kima, matsi yakan hau da wuri, ragowar man ya fashe. Masu tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da 505 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Golf masu distributa, sun san yadda ake murɗa taimin da kunne domin mota ta yi tashi. Daɗin tashin na kwana kaɗan ne. Ka nemi wanda yake saita shi da fitilar taimin, a kan lambar da masu motar suka rubuta. Fulogi ma kowane inji da nasa. Wani yana saurin zubar da zafi, wani yana riƙewa, kuma shigar zare ba ita ce dacewa ba. Ka je da lambar da ke littafi, ka guji jabu. Sai kuma ma'aunin iska da mai. Inji yana son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur, in yana jan kaya ma ya fi son mai ya ɗan rinjaya, domin ƙarin man yana sanyaya silinda. Nozul da ya toshe, famfon mai da ya gaji, tiyon iska da ya tsage, duk suna sa mai ya yi ƙaranci. Haka ma in ka ce wa bakanike ya shaƙe wa mota mai don ta rage sha. Dokin da aka rage wa harawa aka ƙara wa kaya, kowa ya san ƙarshensa.

Na biyar yana ƙafarka da hannunka. Na sha zama a gaban motar haya a Hawan Kibo, kan hanyar Jos, but cike da buhuna, fasinja sun matsu, direba yana giya ta huɗu ya danne totur har ƙasa, inji yana ta kuka, shi kuwa a ganinsa tattalin mai yake yi. Babu yanayin da ƙwanƙwasa take so kamar wannan: silinda ta cika maƙil, inji yana juyawa a hankali, ragowar mai ya samu isasshen lokacin da zai dahu ya fashe. Sauko da giya tun kafin mota ta roƙe ka. Bari inji ya juya da sauƙi. Ba a ɗaukar buhun gero da miƙaƙƙen baya, sai an durƙusa.

Wani zai ce, “Baba, ai tawa ta zamani ce, ba ta wannan ƙarar.” Gaskiya ne motocin yanzu suna da wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin inji, aikinta sauraro. Da ta ji girgizar sai ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta jinkirta ƙyastawar fulogi har ƙarar ta lafa. Wannan kariya ce babba, amma ba kyauta take ba. Motar da kullum ake ja mata taimin baya takan yi nauyi, ta ƙara shan mai, salansarta ta ƙara zafi. In motarka ta rage kuzari ba dalili, tana iya yiwuwa faɗa take yi da mugun mai a ɓoye. Kuma jinkirtawar tana da iyaka. In har kunnenka ya ji ƙarar a motar zamani, to abin ya fi ƙarfin na'urar, ko kuma ita kanta ta mutu. Saboda haka in fitilar inji ta kama a dashbod, kada ka yarda a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. A sa kwamfuta a karanta. Lamba P0325, alal misali, tana nuna matsala a layin wannan na'urar sauraron. Masu ƙananan injina masu tabo kuma su kula da baƙin man da suke zubawa, domin irin waɗannan injinan suna da wata muguwar fashewa da take zuwa in an danna totur inji yana juyawa a hankali. Baƙin mai mai alamar API SP, wanda aka fito da shi a 2020, an gwada shi a kan wannan matsalar.

To in kana tafe ka ji ta, me za ka yi? Sassauta totur, sauko da giya, kashe na'urar sanyaya mota, ka dubi allurar zafi. In ta haura, nemi inuwa ka tsaya. In ƙarar ta zo sau ɗaya ta wuce, ka riƙe ta a rai. In tana dawowa kullum, kada mako ya zagayo ba ka je gareji ba. Ka kuma gaya wa bakanike labarin dalla-dalla: a wace giya, da safe ko da rana, bayan ka sha mai a ina. Rabin gyara yana cikin bayanin mai mota.

Ka koyi bambance muryoyi ma. Ƙwanƙwasa siririya ce, tana bin nauyin ƙafarka. Ƙarar tafet kuwa ƙyas-ƙyas ce daga saman inji, tana nan ko mota tana tsaye. Amma in ka ji bugu mai kauri daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙofa da guduma, yana ƙaruwa da juyin inji, ko jar fitilar baƙin mai ta kama, kashe motar a inda kake. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Wannan metal ne yake neman mai, kuma tafiyar minti biyar tana iya zama bambanci tsakanin canza metal da sayen wani inji. Zaro gejin baƙin mai kowace safiya bai kai minti ɗaya ba. Juye a kan lokaci, da mai na gaskiya da sabuwar filta, shi ne mafi arhar gyaran da za ka taɓa yi.

'Ya'yana, mota amana ce. In taka ce, guminka ne ko na iyayenka. In ta wani ce, ya yarda da kai ne ya miƙa maka makulli. In ta haya ce, akwai rayuka a bayanka da ba su san abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet ba, kuma motar da ta mutu a dokar daji da dare ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. Yaron nan na gareji ba malalaci ba ne, ba kuma wawa ba ne. Ya ji ƙarar da kunnensa, babu dai wanda ya taɓa gaya masa ma'anarta. Ku yanzu an gaya muku. Gobe in ka tayar da mota, kashe rediyo, sauke gilashi, ka yi tafiyar minti biyar ta farko kana sauraro. Ka san muryar injinka tun yana lafiya, domin ranar da ta sauya ka zama farkon wanda zai ji. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a abin hawa.